Shinkafa Daban, Miya Daban

Surukata, Mama Sarah, tana da wata al'ada da duk danginsu suka sani. Duk ranar da aka taru cin abinci, sai an kusa gamawa take ɗaukar tsokar da ta fi kyau a farantinta, ta bi jikokinta da kallo ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen rago a kasuwa, sannan ta ɗora wa wanda ta ga dama a kan abincinsa ta ce, "Ungo, mijina." Yaran har faɗa suke yi a kan tsokar nan, iyayensu kuwa faɗan cikin ciki suke yi. Ɗana Kevin shekararsa takwas, bai taɓa samu ba, don ba ma ya wurin. In dangi suka zo gidanmu a Hayin Dogo, ni da shi muna ƙuryar ɗaki da rediyo a kunne, kar a ji kukansa.

Likita ta ce sunan abin otizim. Ta ce ba aljani ba ne, ba kuma asiri aka yi masa ba, haka ƙwaƙwalwarsa take aiki: ƙara tana yi masa zafi, sabon wuri yana firgita shi, abin da ya saba kuma in aka canja masa sai ya rikice. Mijina Martin yana zaune ta faɗa, har da gyaɗa kai. Amma Martin irin mutanen nan ne da wanda ya yi musu magana a ƙarshe shi ne mai gaskiya, kuma kullum Mama ce take yin ta ƙarshe.

Mama ta ce akwai wani mai addu'a a wani ƙauye bayan Kachia, ana kai masa irin waɗannan yaran, ya sa su azumi har abin da ke jikinsu ya gaji ya fita. Na taɓa ganin wata yarinya a cocinmu da aka dawo da ita daga can. Ta daina ihu, gaskiya ne. Ta kuma daina komai, ga sawun igiya a wuyan hannunta. Na ce wa Martin sai dai a bi ta kan gawata. Muka yi ta wannan ja-in-ja har na tsawon shekara, kullum ya dawo daga ofis da sabon saƙo daga Mama ko daga ƙanwarsa Christabel.

Wata safiya yana ɗaure igiyar takalmi ya ce, "Wini, na gaji. A watan Agusta Mama za ta cika saba'in. Bayan sujadar godiya za a ci abinci a gidan abinci a Sabon Gari, kowa zai zo. In yaron nan ya zauna ya ci kamar ɗan mutane, ni zan rufe bakin kowa, maganar ƙauye ta mutu. In bai iya ba, kar ki ƙara tare ni."

Na ce, "Baban Kevin, ɗan naka za ka yi wa jarrabawa?"

"Ke ba malama ba ce? Koya masa mana."

Raina ya ɓaci sosai, amma na karɓa. Lokacin damina ta fara sauka, ina da 'yan watanni a hannu. Kevin kuwa ko ƙofar gidan abinci bai taɓa shiga ba.

A gida na fara. In na taso daga makarantar firamaren da nake koyarwa, sai in jawo tebur tsakiyar falo, in rataya tawul a kafaɗa, in ɗauko tire in tsaya a kansa in ce, "Sannu da zuwa, me za ka ci?" Sai ya dubi fanka ya ce, "Me za ka ci?" Haka yake, abin da ka faɗa shi yake mayar maka. Na yi ta maimaitawa har muryata ta dushe, maƙwabciyata ta leƙo ta tambaya ko sana'a na fara.

Abinci ɗaya Kevin yake ci ba rigima: farar shinkafa. Fara tas, ba mai, ba albasa, ba ɗigon komai. Miya yana sha, amma a kwanonta daban, da cokalinta daban, kuma sai ya gama da shinkafar. In ja ya taɓa farin nan ko kaɗan ne, shi ke nan, a wurinsa abincin ya lalace, sai ka ce ƙuda ya mutu a ciki. Don haka abin da na koya masa ya amsa shi ne, "Shinkafa daban, miya daban." Ranar da ya fara faɗa da kansa, ban san sanda tiren ya suɓuce mini ba, ƙarar ta sa ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin tebur. Ranar darasi ya ƙare a nan.

Daga nan muka fita waje. Kusa da kasuwar Samaru akwai wata Hajiya Fatsuma mai sayar da abinci, rumfa ce ta kwano da tebura 'yan kaɗan, ɗalibai ne masu cin nata. Na same ta na yi mata bayani, ina jiran ta fara ba ni shawarar rubutu ko hayaƙi, don kowa a garin nan likita ne in ya ga Kevin. Sai kawai ta ce, "Malama, ki zo da shi tsakanin azahar da la'asar, lokacin ba kowa. Wane tebur yake so?"

Tun farko ma bai shiga ba. Mu zo mu tsaya a bakin ƙofa, ya leƙa, ya juya, mu koma gida. Sai da ya saba da warin wurin, sannan ya yarda ya zauna a teburin jikin bango, nesa da talabijin. Yana da wani murfin kwalbar lemo, ja, da yake juyawa a tsakanin yatsunsa in hankalinsa ya fara tashi, da wata hular saƙa da yake janyowa ta rufe kunnuwansa ko ana zafin me. Da waɗannan biyun ya koyi abin da ya fi komai wuya, wato jira. Yaron da bai san dalilin da zai ce yana son abu kuma ba a ba shi nan take ba, ka ce masa ya zauna ana zubowa. Akwai ranar da ya kwanta a ƙasa yana buga ƙeya da siminti, wasu ɗalibai biyu suka ciro waya za su ɗauka. Hajiya ta fito da ludayi a hannu ta ce su biya su tashi, ba gidan kallo ta buɗe ba.

Ita ma Hajiyar sau ɗaya ta kusa rusa mana aiki. Ranar ya ci da kyau, daɗi ya kama ta, ta ɗebo miya da nama a ludayi ta nufo farantinsa tana cewa, "Bari in yi wa Malam Kebin gyara." Na cafke wuyan hannunta a sama. Ta dube ni, na dube ta, miya tana ɗiga a ƙasa.

Ta ce, "Af, na manta. Mu ai haka muka iya so, a ƙara maka ko ba ka nema ba."

Muka yi dariya, ta koma da ludayinta.

A hankali abu ya zauna masa daki-daki. Ya shiga, ya wanke hannu, ya zauna jikin bango, ya faɗi abin da yake so, ya jira da murfinsa, ya ci, ya sake wanke hannu, ya juyo ya ce, "Na gode, abinci ya yi daɗi." Ba ya kallon mutum in yana faɗa, kuma muryarsa ba hawa ba sauka, amma yana faɗa. Kuma in bai faɗa ba ba ya yarda mu tafi, don a wurinsa ba a gama ba. Na roƙi Martin ya zo ya gani ko sau ɗaya ne. Kullum akwai taron dattawan coci.

Da Agusta ta ƙarato sai na shiga shirin yaƙi. Ankon da Christabel ta fitar shadda ce mai tauri, na wanke ta Kevin na sake wankewa har ta yi laushi kamar tsumma, na cire takardar wuyan. Na hau keke har Sabon Gari na ga wurin, babban gida ne wajen Unguwar Gabas, ga gilasai ga na'urar sanyi. Na samu yarinyar da za ta kula da teburinmu, Oluoma sunanta, na yi mata bayani da Hausa da Turanci da hannu har ta gane: faranti biyu, cokali biyu, kar miya ta kusanci shinkafa. Na zaɓi kujerar jikin bango. Na roƙi a rage ƙarar lasifika. Na kai Kevin wurin ya zauna a kujerar ya ci, ya yi godiyarsa, Oluoma ta dafe ƙirji. Na ja Christabel gefe na ce don Allah kar a fasa ihu in za a yanka kek, ta taɓe baki ta ce, "To, ranar Mama ce ko ranar ɗanki?" Na haɗiye, na ce na gode.

Kowa na yi wa magana ban da Mama. Me zan ce mata? Matar da ta fi shekara uku ba ta kira sunansa ba, sai dai "yaron nan." In ta shigo gidanmu ta gan shi, gyara zama take yi ta ba shi baya. Abin da na shirya wa daga wurinta harara ce da baƙar magana, kuma waɗannan Kevin ba ya ma ganinsu.

Ranar ta zo, Asabar ce, da hadari a sama. Sujadar ba mu shiga ba, saboda gangunan ƙungiyar zumuntar matan coci, muka jira a mota. Da aka isa gidan abincin muka riga kowa shiga. Ya wanke hannu, ya zauna a kujerarsa, ya janyo hularsa. Dangi suka yi ta shigowa, daga Kaduna, daga Abuja, daga ƙauye, duk cikin shadda iri ɗaya, ana rungume-rungume. Ina ganin yadda kowa ke satar kallonsa yana zaɓar kujera mai nisa. Mama aka zaunar a kujerar kan gaba a teburin, mutum biyu ne tsakaninta da shi.

Oluoma ta zo ta tsaya a kansa ta ce, "Me za ka ci?"

Kowa ya juyo yana kallonsa. Ashe duk sun san da jarrabawar, Martin bai bar ta a tsakaninmu ba. Kevin ya juya murfinsa, ya dubi bango, ya ce, "Shinkafa daban, miya daban."

Wani kawu ya ce, "Ashe yana magana?"

A raina na ce ai ya daɗe yana yi, ku ne ba kwa zama ku ji. Abinci ya yi jinkiri, ya jira. Janareta ya tashi, Kevin ya danne hularsa da tafin hannu, ya jira. Wani jariri ya tsala kuka, na ga kafaɗunsa sun ɗaga, na fara ƙirga masa yatsu a ƙarƙashin tebur yadda muka saba, suka sauka. Aka kawo shinkafar fara tas, ya ɗauki cokali ya fara ci a hankali daga gefe, ba ya zubarwa. 'Ya'yan Christabel kuwa suna ta jifan juna da ƙashin kaza, ba wanda ya ce aljani ne.

Na dubi Martin. Idonsa ya kawo ruwa, yana kallon ɗansa kamar yau aka haifa masa shi. A raina na ce shi ke nan, mun sha. Shinkafar saura kaɗan, sai miya, sai wanke hannu, sai godiya. Sai a lokacin na kai lomar farko bakina.

Lomar nan ce ta sa ban ga sanda Mama ta miƙe ba. Sai muryarta na ji a kanmu.

"Kevin," ta ce. Sunansa ta kira. "Ashe haka ka girma ban sani ba. Ungo, mijina."

Cinyar kaza ce, ta tsamo ta daga cikin jar miyar farantinta da hannunta, tana ɗiga. Na miƙa hannu, amma na makara, nan ba rumfar Hajiya ba ce. Ta ɗora ta a tsakiyar shinkafar, man ja ya bi farin ya gangara. Sannan ta dafa kansa ta zame hular don ta shafa sumarsa. Dangi suka ɗauki tafi da guɗa, Christabel da kanta ta fi kowa, ana ta "Kevin ya samu, Kevin ya samu."

Shekara takwas ina jiran tsokar nan. Na sha yin mafarkinta.

Ihun da ya yi ban taɓa jin irinsa ba. Ya ture farantin da hannu biyu, ya tashi sama ya kife a ƙirjin Mama, a kan farin leshin da aka ɗinka mata don ranar. Ta ja da baya, kujera ta harɗe ta, ta zauna daɓas a ƙasa. Shi kuma ya faɗi yana buga kansa da ƙafar tebur, kofuna suna zubowa. Wata goggo ta fara kiran jinin Yesu da ƙarfi, wasu suka kama, suka yi mana zobe suna addu'a a kansa da ihu, ƙarar da ta fi komai yi masa zafi. Kawun nan ya kama ƙafafunsa zai danne. Ban san na iya zagin babba ba sai ranar.

Na sungume shi, yana cizon kafaɗata, na fita da shi ta ƙofar baya. Akwai wani famfo a can kusa da inda ake wanke tukwane, da 'yar baranda. Na zauna a ƙasa na matse shi a jikina yadda yake so, ruwa ya fara sauka. Mun daɗe a haka. Daga ciki na ji hayaniya ta lafa, na ji an soma waƙar cika shekara, na ji mai hoto yana cewa a matso, yara su zo gaba.

Sai can Martin ya fito. Bai zo kusa ba, ya tsaya a bakin ƙofa yana riƙe da ita.

Na ce, "Ka gani ai. Ka ga ya iya. Da idonka ka gani, Baban Kevin. Ba don naman ba..."

"Naman?" Ya yi magana ƙasa-ƙasa don kar a ji. "Uwata ta tashi a gaban duniya ta ba shi girman da kowa ke nema, ya kayar da ita ƙasa. Kina so in koma in ce mata laifinta ne da ta so shi?"

"Ba ta sani ba ne. Ni ban gaya mata ba. A yi mata bayani."

"Tana can tana kuka, ta ce ko kare ka ba nama zai kaɗa maka wutsiya. Ranar Litinin yayana zai zo da mota a kai shi ƙauyen. Mun yi alkawari da ke, Wini."

Ya saki ƙofar ta rufe kanta. Ina jin takunsa yana komawa.

Kevin ya zame daga jikina. Goshinsa ya kumbura, rigarsa duk miya, numfashinsa bai gama daidaita ba. Ya nufi famfon ya buɗe, ya wanke hannu ciki da waje, da tsakanin yatsu, yadda na koya masa. Ya rufe. Ya juyo ya fuskanci rufaffiyar ƙofar nan ya ce, "Na gode, abinci ya yi daɗi."

Ni kaɗai na ji, sai wata tsohuwa mai wanke tukwane da ta ɗago ta dube mu ta ci gaba da aikinta.

Ranar Litinin mota ta zo ta tarar da Martin shi kaɗai. Tun Lahadi da ya tafi coci na kwashe abin da zan iya kwasa. Yanzu muna Bomo, ɗaki ɗaya a gidan haya na ɗalibai, su kunna kiɗa Kevin ya toshe kunne. Martin ya san inda muke, bai zo ba, sai saƙo ya aiko cewa na ci amanar alkawari. Na ci ɗin. Christabel ma ta bugo ta ce Mama ta ce ta yafe wa yaron, na ce a gaishe ta da ƙoƙari.

Mun koma wurin Hajiya Fatsuma. Kevin ya tsaya a bakin ƙofa ya leƙa ya juya, kamar ranar farko. Hajiya ta ce ba komai, teburinsa yana nan. A gida ma yanzu ba ya ci sai ya kewaye farantin da hannunsa na hagu, yana ci yana waige. Kuma kullum sai ya zazzage aljihunsa yana neman jan murfinsa. Na kawo masa murafu sun fi a ƙirga, ya ƙi su, ba su ba ne.

Jiya na ga hoton. Sun manta ba su cire ni daga zauren dangi na waya ba. Mama a tsakiya, an yafa mata gyale ya rufe miyar, yara a gaba suna dariya, Martin a tsaye a bayanta. Christabel ta rubuta a ƙasa, "Mama da dukan jikokinta." Na buɗa hoton da yatsa har ya kai gefe. Ga kujerarsa can jikin bango an ture ta, ga jan murfin a kan tebur kusa da kofin wani.